'Yata ta fi ƙarfin karatun ajinsu a firamaren gwamnati: a tsallakar da ita aji ko a yi yaya?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da 'ya mai shekara tara, tana aji huɗu a firamaren gwamnati ta unguwarmu a nan Kano. Tun daga aji ɗaya ita ke zuwa ta ɗaya, kuma aikin da aka ba su na awa guda, cikin minti goma take gamawa. Yanzu malaminsu ya mayar da ita mai rubuta sunayen masu surutu, ita kuwa ta fara cewa makaranta ta ishe ta. Wasu sun ce a mayar da ita makarantar kuɗi, mu kuma ba mu da hali. Wasu sun ce a roƙi hedimasta ya kai ta aji shida ta zana jarrabawar shiga sakandare bana. Mece ce shawararka?" (Wata uwa daga Kano)

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya raya miki ita, ya albarkaci ƙwaƙwalwarta, ya kuma saka miki da alheri da kika lura da halin da take ciki, domin iyaye da yawa da zarar sun ga "ta ɗaya" a takardar sakamako sai su ɗauka magana ta ƙare. Idan na fahimce ki, abin da kike tambaya shi ne yadda za a yi yarinyar da karatun ajinsu ya yi mata kaɗan ta samu abin da ya kai girman fahimtarta, alhali tana makarantar gwamnati kuma babu kuɗin canza mata wata. Na koyar da lissafi shekaru masu yawa a makarantun gwamnati kafin na koma aikin duba makarantu, kuma abin da na gani shi ne, irin waɗannan yara ba sauri suka fi buƙata ba, aiki mai zurfi suke buƙata a madadin wanda suka riga suka iya, kuma uwa tana iya samo musu shi idan ta san abin da za ta roƙa da wanda za ta roƙa.

Zuwa ta ɗaya da fin ƙarfin aji ba abu ɗaya ba ne

Kafin a je wurin kowa, ya kamata a fara tabbatar da wace irin yarinya ce a hannunmu. A ajin da yake da yara tamanin ko ɗari, wanda rabinsu ba su kai ga karanta jimla ba, yarinyar da ake karantarwa a gida, take cin abinci kafin ta fito, take kuma zuwa kullum, za ta iya zuwa ta ɗaya shekara da shekaru ba tare da ta zama mai baiwa ta daban ba. Wannan ba raini ba ne, yarinya ce mai ƙoƙari da ta samu kulawa, kuma ita ma tana da haƙƙin a ba ta aikin da ya dace da ita. Sai dai maganinta ya bambanta da na wadda ta fi ƙarfin ajin nesa ba kusa ba.

Alamomin da nake dubawa ba su cika fitowa a takardar sakamako ba. Ina duba ko yaro yana kama sabon abu daga bayani ɗaya ko biyu, ko yana tambayar dalili maimakon ya tsaya ga amsa, ko yana ɗaukar abin da ya koya a wani darasi ya yi aiki da shi a wani wurin da ba a nuna masa ba, da kuma ko yana iya zama a kan abu mai wuya har ya manta da wasa. Wani masani ɗan Amurka, Joseph Renzulli, ya bayyana a 1978 cewa baiwa tana bayyana ne inda abubuwa uku suka haɗu, wato fahimtar da ta wuce ta tsaka-tsaki, da ƙirƙira, da naci a kan aiki, kuma na ga gaskiyar wannan a aji fiye da sau ɗaya. Hadda mai ƙarfi ni'ima ce babba, a wurinmu kuwa ita ce aka fi saurin gani saboda makarantar allo da Islamiyya suna fito da ita, amma ita kaɗai ba ta isa hujja ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da za ki yi a gida. Ki ce mata, ta hanyoyi nawa za a iya biyan naira 100 da takardun naira 10 da 20 da 50? Amsar hanyoyi goma ce, amma ba amsar nake so ki duba ba. Ki duba ko za ta yi ta cankar hanyoyin barkatai, ko kuwa za ta tsara su da kanta, ta ce bari in fara da waɗanda babu hamsin a ciki, sannan masu hamsin ɗaya, sannan masu biyu. Yarinyar shekara tara da ta gano wannan tsari ba tare da an nuna mata ba, lallai tana da wani abu da ya kamata a kula da shi. Bayan wannan, ki nemi takardun jarrabawar ƙarshen zango na aji biyar, na lissafi da Turanci, ki ba ta ta yi ba tare da shiri ba. Abin da ta ci a nan shi ne hujjar da za ki riƙe a hannu. Ni ban ga yarinyar ba, wasiƙa kuma ba ta isa a yanke wa yaro hukunci da ita ba, shi ya sa nake so hukuncin ya fito daga aikinta.

Abin da ya sa makaranta ta ishe ta

Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi ta sabuntawa, ta sanya yara masu baiwa cikin masu buƙata ta musamman, tare da masu lalurar gani da ji da sauransu, ta kuma ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a firamare. Ke kin san yawan yaran da ke ajin 'yarki. Malamin da yake gaban yara casa'in da alli ɗaya dole ne ya koyar daidai fahimtar na tsakiya, ya kuma maimaita saboda na baya, yarinya irin taki kuwa ta gane tun a karon farko, sai ta zauna tana jiran sauran awar ta wuce. Ki auna wannan jira sau biyar a mako, shekara huɗu.

Sanya ta rubuta sunayen masu surutu ba mugunta ba ce daga malamin. A ganinsa girmamawa ce, kuma hanya ce ta ba ta abin yi. Amma illarsa biyu ce: ba ta ƙaru da komai ba, sannan an haɗa ta gaba da 'yan ajinsu, waɗanda dama suna jin haushin wadda kullum ake buga misali da ita. Abin da ya fi damuna ma ba gundurar ba ce. Yaron da ya shekara shida yana cin jarrabawa ba tare da ya taɓa yin gumi ba, bai koyi yadda ake karatu ba, kuma ranar da ya fara haɗuwa da abin da ya gagare shi, galibi a babbar sakandare ko shekarar farko ta jami'a, sai ya ɗauka basirar ce ta ƙare. Na ga yara da dama da suka yi tashe a firamare suka dusashe a nan, ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba, sai don ba a taɓa ba su abin da zai sa su faɗi su tashi ba tun suna ƙanana.

Batun tsallake aji

Tsallakar da yaro aji ba laifi ba ne a kan kansa, kuma akwai yaran da shi ne maganinsu. Amma abin da aka ba ki shawara, a ɗauke ta daga aji huɗu a dire a aji shida, ban goyi bayansa ba, kuma ga lissafin. Idan ta shiga sakandare tana shekara 10, za ta kai ajin ƙarshe tana 15, alhali hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a ta sanya 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, ƙofar da aka bari ga waɗanda ba su kai ba kuwa ƙunƙuntacciya ce ƙwarai. Sai ki tarar an yi gudu an zo an zauna a gida, zaman gida ga budurwar da ta gama sakandare kuma ke kin fi ni sanin irin maganganun da yake jawowa daga dangi. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Sannan a manhajar aji biyar da shida ake zurfafa ɓangarorin lamba da lissafin kaso cikin ɗari da ma'auni, a nan kuma ake fara rubuta insha'i mai tsawo da Turanci. Yaro mai basira yana iya cin jarrabawar zaɓi-ɗaya ba tare da waɗannan sun zauna masa ba, ramin kuma sai ya bayyana a aji biyu na sakandare. Ga kuma batun jiki da hankali: yarinyar shekara 10 a ɗakin kwana ɗaya da 'yan shekara 13, ko da ta fi su lissafi, ba ta fi su sanin yadda za ta kare kanta ba.

Sharaɗin da nake bi shi ne, a tsallake aji ɗaya tak, a farkon shekarar karatu, bayan yarinya ta ci aƙalla takwas cikin goma a jarrabawar ajin da za ta tsallake a duka lissafi da Turanci, ita da kanta tana so, malamin da zai karɓe ta kuma ya yarda da zuciya ɗaya. Akwai ma wata hanya tsaka-tsaki da ba a cika tunawa da ita ba, wato ta zauna a ajinsu amma ta riƙa shiga aji biyar lokacin darasin lissafi kawai. Wannan ba ya cin ko kwabo, abin da yake buƙata shi ne a daidaita jadawalin azuzuwan biyu, kuma na taɓa ganin an yi shi a wata firamare ya yi kyau, har yaron ya daina fakewa da ciwon ciki da safe.

Yadda za ki tunkari makaranta

A nan ne yawancin iyaye suke ɓata lamarin, kuma a nan nake so ki fi mayar da hankali. Kada ki fara da hedimasta, balle ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Malamin da aka kai ƙararsa sama kafin a yi magana da shi zai bi umarni a baki, amma yarinyar ce za ta ɗanɗana kuɗarta a aji. Ki fara da malamin ajin, ki nemi lokacin da ba ya cikin darasi, idan da hali ku je tare da mahaifinta ko wani babba na gidan. Ki fara da godiya, domin ko ba komai wani ne ya koya mata abin da ta iya. Kada ki ce "'yata ta fi ƙarfin ajinka", domin abin da zai ji shi ne "ba ka iya koyarwa ba". Ki ce, "Malam, yarinyar nan tana gama aiki da wuri sai ta zauna, ina tsoron kada ta saba da zaman banza, me kake ganin za mu yi?" Sannan ki nuna masa takardun aji biyar da ta yi.

Roƙon da za ki yi ya zama ƙarami, bayyananne, wanda ba zai ƙara wa malamin nauyi ba. Mafi amfani a cikinsu shi ne wannan: idan za a fara sabon babi, a ba ta tambayoyi biyar mafi wuya na ƙarshen babin, idan ta ci huɗu a ɗauke mata sauran aikin maimaici, ta buɗe wani littafi na daban da ke cikin jakarta ta yi aiki a ciki ba tare da ta dami kowa ba. Ke za ki samo littafin, ke za ki nemi mai duba mata idan malamin ba shi da lokaci. Ki lura da kalmar "a madadin", domin idan aka ce ta gama lissafi ashirin irin na kowa sannan a ƙara mata wasu ashirin irinsu, yarinya mai wayo za ta gane cewa ladan sauri shi ne ƙarin wahala, sai ta koyi jan ƙafa. Ki kuma roƙa cikin ladabi a sauke ta daga rubuta sunaye. Idan ana so ta taimaka wa wasu, a ba ta yara biyu ko uku ta yi musu bayani sau ɗaya ko biyu a mako, wannan yana ƙarfafa fahimtarta, amma kada ta zama mataimakiyar malami ta dindindin, ita ma koyo ta zo yi.

Bayan kun daidaita da malamin sai ku je wurin hedimasta tare, domin abin ya samu amincewa, ya kuma bi ta zuwa aji na gaba. Ku sa lokaci, ku ce bayan mako shida za a zauna a ga yadda abin ya tafi. Idan aka ci karo da ƙin amincewa, akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai kuma kwamitin al'umma na kula da makaranta da ake kira SBMC, wanda a tsarinsa akwai wakilcin mata da na masu unguwa. Shawarata a nan ita ce kada ki kai maganar a matsayin ta 'yarki ita kaɗai. A makarantar da ke da yara dubu, ba za a rasa ashirin ko talatin irinta ba, kuma uwar da ta ce "a buɗe wa yaran da ke gama aiki da wuri ƙungiyar lissafi da karatu ranar Alhamis bayan tashi" za ta samu masu mara mata baya, saɓanin wadda ta zo neman gata ga ɗiyarta. Kusan kowace unguwa a Kano tana da malamin da ya yi ritaya ko ɗalibin Jami'ar Bayero da zai ba da awa ɗaya a mako idan mutanen kirki suka roƙe shi. Sakataren ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, suna nan a matsayin mataki na gaba, musamman idan ana buƙatar izinin amfani da aji bayan an tashi.

Makarantar kuɗi da ƙofofin gwamnati

Kada rashin halin makarantar kuɗi ya hana ki barci. Da yawa daga cikin ƙananan makarantun kuɗi na unguwa abin da suka fi na gwamnati da shi shi ne ƙarancin yara a aji da yawan aikin gida, manhajar kuwa ɗaya ce, kuma yarinya irin taki za ta iya gundura a can kamar yadda ta gundura a nan, ga kuma bashin kuɗin zango. Kuɗin da za ki iya warewa, littattafai suka fi cancanta da shi.

Inda ya kamata ki sa ido tun yanzu shi ne ƙofofin da gwamnati ta buɗe wa irin waɗannan yara, waɗanda yawancin iyayen makarantun gwamnati ba su ma san da su ba sai lokacin rajista ya wuce. Akwai makarantar gwamnatin tarayya ta yara masu baiwa da ke Suleja a Jihar Neja, wadda aka kafa a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, tana ɗaukar maza da mata daga duk jihohi, hukumar shirya jarrabawa ta ƙasa, wato NECO, ce kuma ke shirya jarrabawar shigarta daban da ta sauran makarantu. NECO ɗin ce dai ke shirya jarrabawar shiga kwalejojin tarayya, waɗanda suka haura ɗari, cikinsu har da ta 'yan mata da ke Minjibir da ta Kazaure da ta Bakori. Jihar Jigawa tana da tata makarantar masu baiwa a Bamaina. A Kano kuwa akwai kwalejojin kimiyya, waɗanda aka fara da na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, daga baya aka buɗe na 'yan mata irin ta Garko, ana kuma shigarsu ne da jarrabawa bayan aji uku na ƙaramar sakandare. Likitoci da injiniyoyi da yawa da ake ji da su a Kano da Jigawa 'ya'yan talakawa ne da suka bi ta wannan ƙofa.

Abin da ke kayar da yaran makarantun gwamnati a waɗannan jarrabawowi galibi ba lissafi ba ne, Turanci ne. Yaro ya iya aikin sarai, amma bai gane abin da tambayar ke nema ba, ko bai taɓa ganin takardar da ake cike amsa da fensir ba, ko bai saba da tambayoyin gwada kaifin tunani ba. Kina da shekara biyu a gaba, kuma sun isa. Ta riƙa karanta labari da Turanci kullum, ko shafi biyu ne, ta ba ki labarin da Hausa, idan ta shiga aji biyar kuma a samo mata tambayoyin shekarun baya. Tun yanzu ki fara magana da mahaifinta a kan makarantar kwana, domin na ga yarinyar da ta ci jarrabawa aka ba ta gurbi, sai a makon tafiya aka tarar ba a taɓa shawartar uban ba, gurbin ya tafi.

Idan ta shiga sakandare akwai gasannin da za su haɗa ta da tsararrakinta a fahimta, irin gasar lissafi da kimiyya ta Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja, da gasar Cowbellpedia, da ƙungiyar JETS ta matasan masu kimiyya da ƙere-ƙere. Idan kuma tana da ƙarfin hadda, musabaƙar Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986 tana farawa ne daga ƙaramin mataki, ta hannun makarantun Islamiyya. Amfanin gasa a wurina ba kyautar ba ce, ranar da yarinyar da ba ta taɓa zuwa ta biyu ba za ta zauna kusa da wadda ta fi ta, ta dawo gida da sha'awar ƙara himma.

A cikin gida

Abin da za ki yi a gida ba ya buƙatar ki zama malama. Ku je ɗakin karatu na Murtala Muhammad ko reshen da ya fi kusa da ku, ta ga littattafai da yawa a wuri ɗaya ta zaɓa da kanta, da Hausa da Turanci. Ki ba ta lissafin cefane da na adashi ta riƙe a littafi. Ta shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a inuwa, ta riƙa aunawa tana rubutawa. Ta zauna da kakarta ta rubuta tarihin gidanku. Idan ta yi tambayar da ba ki da amsarta, ki ce mata ta rubuta a wani littafi na musamman, ku nemi wanda ya sani. Ban ba ki shawarar lesin na yamma ba idan maimaita aikin aji za a yi, domin tsakanin boko da Islamiyya da aikin gida, yarinyar shekara tara tana buƙatar lokacin wasa da 'yan'uwanta.

Ki kula da irin yabon da ake yi mata. Binciken da wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Amurka, Carol Dweck, da abokiyar aikinta suka wallafa a 1998 ya nuna cewa yaran da aka yaba wa da "kana da basira" sun fi gudun aiki mai wuya daga baya, idan aka kwatanta da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Iyayenmu da suke hana a yi ta zuzuta yaro a gaban mutane saboda tsoron baki sun kare yara daga wannan ta wata fuskar, ko da yake wasu sun wuce gona da iri har suna ɓoye baiwar ga malaman da za su taimaka. Ki faɗa wa malami abin da ta iya dalla-dalla, amma a gabanta ki yabi zaman da ta yi a kan abu mai wuya, kada kuma a riƙa auna 'yan'uwanta da ita.

Abu na ƙarshe, idan bayan an canza mata aiki har zango ya ƙare tana nan tana ƙin makaranta, to a duba wani dalilin, domin "makaranta ta ishe ni" a bakin yaro wani lokaci tsangwamar 'yan aji ce, ko duka, ko ma rashin ganin allo da kyau. A irin wannan hali ki zauna da ita ki saurara a natse, a gwada idonta a asibiti, idan kuma ana buƙatar gwajin fahimta na ƙwararru, sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero yana nan kusa da ku, za su iya nuna miki wanda ya dace ki gani.